Takardar da Baba Haruna Bai Sa wa Hannu Ba

Ran nan a wurin walima na ji ɗayanku yana cewa sana'ata ta mutu. Wai abin da ni Ammu Isiyaku, wato baffanku, na shekara arba'in ina yi, yanzu da babban yatsa ake yinsa a waya, mutum yana kwance a kan gado. Kuka kwashe da dariya, kuna tsammanin kunnena ya tsufa. Bai tsufa ba. Na ƙyale ku ne ku gama cin shinkafarku, don ba na son faɗa a kan abinci. To yau ga amsata, kuma a rubuce, tunda rubutu ne ya ciyar da ni.

Ni mai bin takardu ne. Larabawa su ce mu'akkib, tsofaffinmu na unguwar Mansur a nan Makka su ce mai ma'arudi, wato mai rubuta wa mutane takardar koke ya bi musu ita ofis-ofis har ta haihu. Na bi takardar aure, na bi ta gado, na bi ta shago. Amma a shekarun baya-bayan nan kusan duk aikina na gida ne: wanda zai sayi gidansa na farko da tallafin gwamnati, da wanda ya saya ya kasa biya har banki yana shirin yin gwanjon gidan a kansa.

Wurin Malam Nuhu na koya. Tsoho ne da ya zo Makka ta Sudan, a can ya samo rubutunsa mai kyau da Larabcinsa mai kaifi. Yana zama a gindin katangar kotu ƙarƙashin wata tsohuwar laima, da guntun katako a kan cinya maimakon tebur. Kayan aikinmu ba su fi ƙarfin jaka ɗaya ba: biro shuɗi guda biyu, takardar kabon, tawadar dangwala yatsa, abin huda takarda, sai koren fayil, wanda a wancan zamani ko takardar aljanna ka kawo ofis ba a cikinsa ba, sai a ce ka koma. Shekara biyu na yi ina huda takarda kawai. Kuna dariya? In hudar ta ci lamba ɗaya daga lambar katin mutum, an dawo da shi ke nan, ya rasa layinsa, ya rasa yininsa. Malam Nuhu bai taɓa zagina ba. Takardar da na ɓata yake miƙo mini ya ce in je da kaina in gaya wa mai ita, kuma wallahi na gwammace a mare ni.

Aikin da ya buɗe mini ido shi ne na wani mai gyaran famfo da ya zo a fusace zai kai ƙanensa ƙara a kan ɗaki ɗaya na gado. Ya yi ta zuba, Malam Nuhu yana rubutawa, bai rage ba bai ƙara ba. Da ya gama sai ya ce, “Saurara in karanta maka.” Ya karanta masa a hankali, da sunan ƙanen, da sunan uwarsu da ta haife su, da maganar a fitar da shi da 'ya'yansa. Mutumin ya miƙo hannu. Ya karɓi takardar ya yayyaga, ya biya kuɗin rubutu ya tafi. Na ce, “Malam, mun yi asarar ciniki.” Ya ce, “Isiyaku, mutum ba ya jin maganarsa sai ta fito daga bakin wani. Duk abin da ka rubuta, karanta wa mai shi. Rabin sana'ar ke nan.” Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da aka fara rushe unguwar Nakkasa, aiki ya sauya. Mutanen da aka haifa a kan dutse, a gidajen da kakanninsu suka ɗora da hannunsu ba tare da takardar mallaka ba, suka sauko haya. Waɗanda iyayensu ke da takardar zama ɗan ƙasa suka ji cewa akwai tallafi ga mai sayen gidan farko: gwamnati ta ɗauke maka wani kaso na ribar banki, ta ɗauke maka harajin saye, kai kuma ka riƙa biya wata-wata, gidan yana jingine a hannun banki har ka gama. Waɗanda ba su da takardar kuwa, maƙwabtanmu da muka ci tuwo tare, nakan gaya musu gaskiya tun a bakin ƙofa cewa wannan ƙofar ba tasu ba ce, kuma ban taɓa karɓar ko riyal ɗaya a hannunsu ba. Akwai masu karɓa su yi musu romon baka. Allah ya isa tsakanina da su, sun ɓata mana suna.

Cike takardar neman tallafi, na yarda, waya tana yi. Ni ma na koya, da gilashina a kan hanci. Amma bayan waya ta ce an amince, sai banki ya ajiye maka yarjejeniya mai kauri kamar littafi, ya miƙo maka biro. Ku nawa ne a cikinku suka karanta tasu? Ni na karanta ɗaruruwa. A cikin kowacce akwai ƙofofin fita da aka tanada don ranar wuya. Akwai ta wanda ya rasa aiki, a ɗage masa biya na wasu watanni. Akwai ta wanda albashinsa ya ragu, a sake tsara masa biyan. Akwai ƙungiyoyin taimako da ke ɗaukar wa mai ƙaramin ƙarfi wani abu in an kai musu takardu cikakku. Akwai kuma ƙofar mutuwa, wadda kowa ke kau da kai in na zo kanta. Duk ƙofofin nan ba sa buɗe kansu, sai an ƙwanƙwasa, kuma da wuri. Matsalar mutanenmu kunya. Namu zai gwammace ya sayar da firjinsa da awarwaron matarsa da ya je ya ce wa banki ya rasa aiki, wai kar a ji. Sai takardar kotu ta manne a ƙofa, duk bene ya ji.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Babu alhazai, babu masu umara, otal-otal a rufe, motocin safa a jere suna shan rana. Ofisoshi suka kulle, aka ce komai ya koma waya, ni ma na rasa gindin katangata, har yau ban koma ba. A dakalin gidana na riƙa aiki, da ƙyalle a baki. Wanda ya zo mini a watan farko da ya kasa biya, kusan duk na samo musu ɗagi. Wani kuwa ya zo da mabuɗin gida a hannu bayan an riga an buga gwanjo. Na duba takardunsa sau uku ko zan ga inda aka yi kuskure, ban gani ba. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, na kuma yi nadamar faɗar haka, don karin magana ba ta yi wa mutum rufi. Shekarar nan na ci bashin shinkafa a shagon da na saba ba da sadaka a ƙofarsa.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji.

Duk wanda ya taɓa cin tsire a Mansur ya san Baba Haruna. Dogo, mai kaushin murya, mutumin da in ya ce eh to ko sama da ƙasa za su haɗe eh ɗin ce. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma abokin Malam Nuhu ne, don haka Baba nake ce masa. Ɗansa Hamza direban safa ne. Lokacin aikin Hajji yana jigilar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa, sauran shekara yana ɗaukar masu umara. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya mallaki gida mai takarda: ɗakuna huɗu a hawa na uku, bayan an rushe nasu na Nakkasa. Ni na bi masa takardun. Ranar sa hannu na zaunar da shi na karanta masa yarjejeniyar shafi-shafi, yana hamma. Da muka zo ƙofar mutuwa na ce masa, a cikin abin da zai riƙa biya kowane wata akwai ɗan kaso na tanadi, in ya rasu a cikin biya, ragowar bashin ya faɗi, gida ya zama na iyalinsa. Ya yi dariya ya ce, “Ya Ammu, wato in na mutu na fi riba?” Na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ya sa hannu a gefen sakin layin, yana ta dariya.

Hamza ya tsallake shekarar annoba, don yana cikin masu zuwa da wuri. Bayan komai ya daidaita, wata safiya ya je tashar kamfaninsu, ya kunna mota, zuciyarsa ta tsaya. Ya bar mata, Nafisa, da 'ya'ya uku.

Kun san al'adarmu. Bayan an yi wa mamaci wanka, kafin a ɗauke shi zuwa Harami, wani babba yakan miƙe ya tambayi jama'a ko akwai mai bin sa bashi, don kada a sa shi a kabari da nauyin wani. Ranar nan Baba Haruna da kansa ya miƙe a ƙofar masallacin unguwa. Idonsa a bushe. Ya ce, “Jama'a, ku shaida. Duk bashin da ke kan Hamza, ƙarami da babba, har da na gidan nan, ya dawo wuyana. Ni Haruna na ɗauka.” Aka yi kabbara, aka sa masa albarka.

Ina wurin. Na ji da kunnena, na kuma yi shiru. Na ɗauka magana ce ta al'ada, na ce a raina ba a kawo zancen banki a gaban gawa, kuma ai akwai 'yan boko a gidan, za su bi ta waya. Wannan shirun shi ne kuskure mafi girma da na yi a sana'ata, kuma ba na ɓoye shi.

Ashe Baba Haruna da gaske yake. Kowane ƙarshen wata sai ya tara kuɗin ya ba wani ɗan'uwansu mai digiri, yana cikinku, ba zan kama suna ba, shi kuma ya tura wa banki da babban yatsan nan da kuke yabo. Wata bakwai waya tana karɓar kuɗin, ba ta taɓa tambayar ina Hamza yake ba. Tsoho ya sayar da rumfarsa ta biyu, ya sayar da babban firjinsa na nama, ya sallami ma'aikaci. A wata na takwas ƙarfinsa ya ƙare. Banki ya yi ta aika saƙo cewa magada su zo, amma lambar Hamza ce a wurinsu, wayar Hamza kuwa tana kashe a aljihun farar rigarsa a cikin kabad. Nafisa ta yi takabarta, ta fita, ba ta iya taɓa rigar ba. Sai da aka manna takardar kotu a ƙofarta cewa za a sa gidan a gwanjo.

Da hantsi ta zo mini, da takardar a hannu ɗaya, da yarjejeniyar a leda. Ta ce, “Ammu, an ce saura kwana ashirin. Ina zan kai yaran nan? Daga dutse aka sauko da mu, yanzu daga bene ma?”

Na buɗe shafin da na sani, na nuna mata sa hannun mijinta. Na ce, “Nafisa, babu bashi a kan gidan nan tun ranar da Hamza ya cika. Takarda ce kawai ba a kai ba.”

Ta ce, “To kuɗin da Baba ya yi ta biya fa?”

Na ɗauko biro na fara lissafa takardun da za mu nema.

Abin da ake bukata na san shi kamar Fatiha: takardar rasuwa, rahoton asibiti mai hatimi, takardar kotu da ta lissafa magada, takardar riƙon marayu da sunan uwarsu, sai takardar wakilci daga duk magajin da ya balaga. Nan gizo yake saƙa, don uba magaji ne. Ba sa hannun Baba Haruna, ba abin da zai motsa. Na ce wa Nafisa ta yi masa magana. Ta ce, “Ni? Surukina? Ammu, ko idonsa ban taɓa kallo ba.” Gaskiyarta. Aikin ya dawo kaina.

Na same shi bayan la'asar yana jera tsinke a bakin wuta. Na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, “Isiyaku, wato so kake in je in durƙusa wa banki in ce a yafe wa ɗana?”

“Baba, ba yafiya ba ce. Haƙƙinsa ne.”

“Na miƙe a gaban mutane na ce na ɗauka. An binne shi a kan maganata. Yanzu in koma in ce na fasa, bashin ya koma kabari ya same shi? Halas, na gama magana. Ko rumfar nan zan sayar, ko rigata, zan biya.”

“Rumfar nan ba za ta biya wata uku ba, Baba. Gidan zai tafi.”

“Allah ne mai gida. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini ciniki.”

Na tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da kaina. A hanya na yi tunanin in kai masa liman, sai na ga in aka taru a kansa zai ƙara ƙeƙashewa, don mutum ne da ba a tura shi. Kwana biyu ina juya abin, kwanakin gwanjo suna raguwa. A na uku na ɗauko guntun katakon Malam Nuhu, wanda na gada, da biro da farar takarda, na koma Mansur. Na ja kujera na zauna a gabansa, na ɗora katakon a cinya kamar yadda ya saba ganin abokinsa.

Na ce, “Baba, na yarda, ba za ka sa hannu a wakilci ba. To kotu za ta tambaye ni dalili, kuma ni ba na kai magana da baki. Bari in rubuta ƙin naka, ka sa hannu a kansa, in kai, shi ke nan na fita.”

Ya ce, “Rubuta.”

Na rubuta. Ban yi masa ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Sannan na ce, “Saurara in karanta maka.” Akwai mutum uku-huɗu suna jiran tsire, ban rage murya ba. Na karanta da Larabci, na maimaita da Hausa:

“Ni Haruna, mahaifin marigayi Hamza, ina cikin hankalina, na san cewa ɗana ya biya tanadin mutuwa kowane wata daga guminsa, don gidansa ya zama na 'ya'yansa in ya rasu. Na san wannan haƙƙi yanzu na marayu ne: Maryam, da Sumayya, da Haruna ƙarami. Na zaɓi in bar wa banki haƙƙinsu kyauta, a sayar da gidan, su koma haya, don kada a ce na janye maganar da na yi a ƙofar masallaci.”

Na miƙa masa biro.

Wallahi na ɗauka da wuƙar nama zai bi ni. Ya miƙe tsaye. “Kai mara kunya ne, Isiyaku! Ni za ka ce na ci dukiyar maraya? Ni da na sayar da firjina?”

Na ce, “Ban ce ba, Baba. Abin da ka ce in rubuta na rubuta. In akwai ƙarya a ciki, nuna mini layin in soke.”

Masu jiran tsire suka sulale. Naman da ke kan wuta ya fara ƙonewa, ba wanda ya juya shi. Ban taɓa yi wa babba irin wannan ba, kuma na san in abin bai ci ba, na rasa shi na rasa gidan. Amma ban janye biron ba.

Can ya zauna. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Hamza ya san da wannan tanadin?”

Na buɗe masa shafin, na ɗora yatsansa a kan sa hannun ɗansa. Na gaya masa abin da Hamza ya ce ranar, da dariyar da ya yi. Baba Haruna bai iya karatun boko ba, amma ya san hannun ɗansa. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

Ya ce, “Wato shi ya riga ni ɗauka.”

“Ya riga ka, Baba. Tun yana da rai.”

Ya ture takardar ƙin gefe. “Kawo ɗayar. Amma da sharaɗi. A gaban mutane na ɗauka, a gaban mutane zan sauke. Sai ka kawo mini takardar banki da ta ce babu ko sisi a kansa, ka karanta ta a inda na tsaya.”

Saura kwana goma sha biyar. Ku da kuke cewa aikin babban yatsa ne, ku ji yadda aka yi su. Rahoton asibiti ya fito babu hatimi ɗaya, na koma sau biyu. Na rubuta wa alƙali koke a dakatar da gwanjo, shafi ɗaya tak, don alƙali ba ya karanta shafi biyu, na ɗora takardar rasuwa a sama yadda idonsa zai fara faɗawa a kanta. Ya ba mu wata guda. A banki wani saurayi mai ƙamshin turare ya ce mini, “Ya ammi, wannan ta waya ake nema.” Na ce to, mu nema. Ya danna, ya ce an tura lambar sirri zuwa wayar mai asusun. Na ce, “Mai asusun yana maƙabarta, ko za ka raka ni mu karɓo?” Ya ce tsarin ne haka. Na ce ni ma tsarina ne ba na tashi. Kwana uku ina zuwa da koren fayil ɗina, in zauna a kujerar da ke kallon ofishin manaja, in gaishe shi in zai shiga, in gaishe shi in zai fita. A rana ta uku ya gaji da gaisuwata ya kira ni ciki. Suka ce an yi jinkirin sanarwa. Na nuna musu rasit bakwai na tsoho mai tsire da ya yi ta biyan bashin da babu shi, na ce wannan ne mutumin da kuke zargi da gudun biya? Manajan ya karanta, ya cire gilashinsa, ya ce in bar fayil ɗin.

Sai da aka ƙara kusan wata biyu, da komawa kotu neman ƙarin lokaci, kafin takarda ta fito. An soke bashin, an cire jingina, gida ya zama na magada. Kuɗin wata bakwai ma aka mayar. Rumfar da firjin kuwa sun tafi, wanda ya saya ya ƙi sayarwa. Wannan asarar shiruna ne ya jawo ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba Haruna ya sa babbar rigarsa ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa, daidai inda ya tsaya ranar jana'iza. Ya ce kada kowa ya tafi. Nafisa da yaran suna can gefe cikin mata. Na karanta takardar banki da Larabci, na maimaita da Hausa, har lambar da ke ƙasa. Da na gama ya ɗaga murya.

“Jama'a, akwai mai bin Hamza bashi?”

Shiru.

Ya sake tambaya, ya kuma sakewa, sau uku. Ba wanda ya yi motsi.

Ya ce, “To ku shaida, ba ni na biya ba. Yaron ya biya abinsa da kansa. Kasona na gado a gidan kuma na bar wa 'ya'yansa.” Ya juya wajen alƙibla ya ce, “Hamza, na sauke.”

Ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, fiye da shekara guda yana riƙe da shi. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Nafisa tana hawa na uku har yau. Maryam ta shiga jami'a daga ɗakin nan. Baba Haruna kuwa bai taɓa ce mini na gode ba, ban kuma jira ba. In na je Mansur ya hango ni, sai ya ce wa na kusa da shi, “Ga mara kunyar nan ya zo,” sannan ya ƙara mini tsinke biyu a kan abin da na biya.

Don haka ku ci gaba da danna wayoyinku, ban hana ku ba, ni ma ina dannawa. Amma ranar da takarda ta manne a ƙofar ɗayanku, Allah ya kiyaye, kada ya ɓoye, kada ya sayar da firji, kada ya jira wata na biyu. Ya ɗauko yarjejeniyarsa ya zo, dakalina bai tashi ba. Takardar da Baba Haruna bai sa wa hannu ba tana nan a koren fayil ɗina, da tabon man tsire a gefenta. A cikin dubban da na rubuta, ita kaɗai ce ba ta taɓa shiga ofis ba, kuma ita ce ta hana a sayar da gida. Mai cewa sana'ata ta mutu ya zo in ba shi ya karanta, in ya iya karanta rubutun hannu.